Yadda Mutari Ya Kwantar da Layin Gero

A Kirkissoye abin ya faru, ƙetaren gulbi, shekarar da damina ta yi gardama sojoji kuma suka karɓi mulki. Har yau in aka ambaci Mutari a bakin pampo, sai mata su sauke bokiti su gama dariya tukuna.

Zinariya dai a lokacin ba ta ga abin dariya ba. Mijinta Halidu direban babbar mota ne, ya fi wata yana hanyar Kotonu. Ya bar ta da ƴaƴa biyar, sai ga gyatumarta da ƙannenta biyu da ƴaƴansu sun sauko daga ƙauye, don gona ba ta ba da ko dami goma ba. Kullum da safe in ta zura hannu a tanon gero, wato gangar ƙarfen da take ajiye shi, sai ta ji farcenta ya kusa taɓa gindi, ta rufe da sauri kada yara su leƙa.

Ran Lahadi mai unguwa Sumana ya sa aka yi shela: wata ƙungiyar agaji za ta kawo kamyo guda, babbar mota cike da gero, ran Alhamis, buhu casa'in, gida ɗaya buhu ɗaya, wadda ta riga ita ta samu. Gidajen unguwar kuwa sun kusa ɗari biyu. Kafin hantsin Litinin layi ya miƙe daga ƙofar gidan mai unguwa har bayan masallaci. Zinariya ce ta goma sha huɗu, kuma ta yi rantsuwa a ranta ko sama za ta faɗo ba ta gusawa.

Yadda aka saba, in mace za ta je ta duba tukunya sai ta bar dutse ko tsohon kwano ko warin takalmi a gurbinta, ta yi maza ta dawo. Amma kwana huɗu a zafin Afirilu ba wasa ba ne. Tun kafin azahar mata sun fara cizon juna da baki.

Ana cikin haka sai ga Mutari, ƙanen Halidu, da jaka a hammata da tabarau a goshi. Mutari shi ne ya taɓa kiwon kifi a cikin mataccen firiji. Shi ne kuma ya buɗe makarantar koyon tuƙi alhali ba ya da mota, ɗalibai na zaune kan benci suna juya faifai. A wannan karon tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, ya samo a Babbar Kasuwa, irin mai buɗewa da rufewa kamar ƙaramin akwati.

"Mata!" in ji shi. "Mi kuke yi cikin rana kamar barkonon shanya?"

"Jiran ka muke, ka zo ka yi mana inuwa da bakinka," in ji Kadi, wadda ke bayan Zinariya. Kadi ta shekara ashirin tana sakatariya a wani biro, wato ofis, kafin ta ajiye aiki, kuma tun Mutari na yawo ba wando ta san shi.

Bai kula ta ba. Ya jawo turmi ya kife, ya ɗora na'urar a kai, ya buɗe. Da yatsa ɗaya ya buga Z, ya nemi I ya samu, ya buga N da A.

"Kun ga rabin sunan matar yayana? To ku duba." Ya rufe murfin, ya ƙirga ashirin da ƙarfi, ya buɗe. Ga ZINA nan, ga ƴar sanda tana ƙyafta ido a gabansa tana jiran sauran.

"Ba kashewa na yi ba, kwantar da ita na yi. Duk abin da take cikin yi sai ta riƙe shi, in ta tashi ta ɗora daga harafin da ta tsaya. To layin nan ma haka zan yi masa. Zan shigar da ku ɗaya bayan ɗaya yadda kuke tsaye, in kwantar da layi, kowa ta tahi gida ta yi girkinta. Ran Alhamis in tashe shi. Ta farko ta farko, ta ƙarshe ta ƙarshe. Haka ake yi a Faransa."

"Yaushe ka je Faransa?" in ji Kadi.

"Na'urar ta je."

Mai unguwa Sumana, wanda tun safe yake raba faɗa har muryarsa ta dushe, ya ce shi kam ya ga haske a wannan magana. Mutari ya fara aiki. Yatsa ɗaya, harafi ɗaya, sai ya ɗaga kai ya ga ko ana kallonsa. Sai bayan la'asar ya kai ta ƙarshe, mace ta ɗari da sittin da uku.

"Yanzu kuma ku kwashe mini wannan tarkace," ya ce, yana nuna duwatsu da kwanoni. "Zamanin dutse ya wuce."

Zinariya ta dafe tsohon kwanonta da ƙafa. "Mutari, bari nawa ya kwana nan. Mi zai rage ka da shi?"

"Yaya, ki rufa mini asiri. In matar yayana ba ta yarda da ni ba, wa zai yarda?"

Ta ɗauke kwanon, amma sai da ta waiwaya sau uku tana duban ƴar da'irar da gindinsa ya bari a yashi. Kafin ta kai kwana awaki sun bi ta kai.

Kadi ta tsaya a kansa. "Ka adana abin da ka rubuta?"

"Mi?"

"Anrajistire. Ka ba shi suna, ka ajiye shi cikin na'urar."

"Wannan aikin matsorata ne, Tanti. Wadda ba ta mantuwa, mi za a ajiye mata?"

Gaskiyar magana, ya taɓa gwadawa. Sai wani akwati ya fito yana yi masa tambaya da Jamusanci, don na'urar ashe ba Faransar ma ta fito ba. Tun ran nan bai ƙara taɓa wurin ba.

Ran Talata da safe ya tara jama'a don gwaji. Ya buɗe, ga sunaye reras. Aka yi guɗa. Wata ta kawo masa fura, wata ta ce da ma tun yana yaro ta ga alamar ƙwaƙwalwa a ƙeyarsa. Ya yi ta rufewa yana buɗewa, duk wadda ta zo sai ya nuna mata sunanta, har masu wucewa da ba su cikin layi.

Da hantsi wuta ta ɗauke. Da azahar wata ƴar fitila a gefen na'urar ta koma ja.

"Mi ke nan?" in ji Zinariya, don tun safe tana gewaya wurin kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

"Ba komi. Ƴar yunwa ce take ji."

"Ita ma?"

Ya rungumi na'urar ya nufi shagon Bala tela mai gurup, injin ba da wuta, Zinariya na biye da shi da mayafi a hannu. Bala ya ce gurup dai ga shi, esans ne babu, ko ɗigon man fetur. Suka garzaya wurin mai cajin waya, ya ce ramukansa duk a cike suke, kuma wannan uwar tasu in ya sa ta sai ta shanye rabon kowa. Suka bi ta gidan wani mai firijin ƙanƙara, shi ma yana zaune yana kallon jarinsa na tsiyaya a ƙasa. Mutari na gudu yana yi wa na'urar fifita da hularsa, yara na bin su, wata tsohuwa ta leƙo ta katanga ta ce, "Wayyo, ɗan wa ne ba lafiya? Ku kai shi likita mana!"

A gindin wata itaciyar bedi na'urar ta rubuta wani dogon zance, ta yi ƴar ƙara, ta yi baƙi ƙirin. Har ƴar fitilar ta mutu.

Zinariya ta zauna daɓas a ƙasa. "Mutari, ina ta goma sha huɗu?"

"Tana ciki."

"Cikin ina?"

Ya danna maɓalli, ya sake dannawa. Zufa ta jiƙa masa riga har ƙugu.

Sai la'asar wuta ta dawo. Rabin unguwa ya cika shagon Bala. Mutari ya sa waya, ya yi bisimilla a karo na farko tun da ya sayi na'urar, ya danna. Ta yi shiru, ta yi gurnani, wani ɗan layi ya riƙa cika a hankali. Can sai ga sunaye, ɗari da sittin da uku, ƴar sandar na ƙyafta ido daidai inda ya bar ta.

Ai kuwa sai Mutari ya haye kan kujerar Bala. "Kun gani? Kun gani da idonku? Mutuwa ta yi murus, ta tashi! Wagga na'ura ko a gulbi ka jefa ta, da lissafin kifaye za ta fito!"

"Sauko, kada ka karya wa mutum kujera," in ji Kadi. "Saurara in faɗa maka, don na ga sa'a na nema ta kashe ka. Barci biyu gare ta. Akwai gyangyaɗi: ka rufe murfi, ta riƙe aikin a ka, tana tsotsar batir kaɗan-kaɗan. Akwai kuma barcin gaske, wanda sai ta kwashe duk abin da ke kanta ta rubuta a cikinta tukuna, sannan ta saki jiki. Yau da ta ga batir zai ƙare, ita da kanta ta yi dabara ta rubuta. Ta fi ka hankali. Kawo in adana maka, ko mu kwafe a takarda."

"Takarda! Tanti, ke zamanin keken rubutu kika yi aiki, mai ƙararrawa a gefe. Ki bar wa masu abu abinsu."

"Ko nawa sunan kaɗai ka rubuta a takardar," in ji Zinariya. "Ƙarami ne, ba ya cin wuri."

"Yaya, ki je ki wanke tano."

Ran Laraba abin ya hau masa kai. Ya ce ba na'ura kaɗai ba, duk aikin duniya ana iya kwantar da shi a tashe shi, jahilci ne ya hana mutane. Ya shiga gida ya tarar da matarsa Adama na tuƙin tuwon masara, ya ce ta sauke a tsakiya su je ta ga yadda mai unguwa ke girmama shi, in sun dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Da suka dawo sai da ya sa ƙafa ya dafe tukunya kafin muciya ta fita. Maƙwabta sun ji abin da Adama ta faɗa masa, don ba a hankali ta faɗa ba.

Bai daddara ba. Da yamma yana gaban wanzami, an aske masa gefen dama, sai aka ce mai unguwa na neman sa. Ya miƙe ya ce wa wanzami, "Riƙe nan, yanzu mu ci gaba." Ya dawo ya tarar wanzami ya naɗe tabarma ya shiga motar ƙauye, an yi masa rasuwa. Haka ya yi sallar magariba a sahun farko, hula na zamewa gefe guda, na bayansa na cizon leɓe. Bala ne ya ji tausayinsa ya ƙarasa aikin da almakashin ɗinki.

Zinariya ta ji duk wannan, amma ko sau ɗaya ba ta yi dariya ba. A ranar ta kankare gindin tano da ludayi, ta dama kunu tsararo, ta ce wa yara sabon salo ne.

Ran Alhamis da hantsi kamyo ya iso, ƙura na bin sa, da sojoji huɗu masu rakiya. Babbansu Sajan Oumarou, dogo, mai gashin baki, fuskarsa ba alamar ya taɓa jin labarin dariya. Ya diro ya ga mata sun cika fili ba tsari, kowa da igiyar ɗaure buhu.

"Ina layi?"

"Yana barci, mon sarjan," in ji Mutari. Ya sha farar shadda, ya sa an kawo tebur har da ƙyalle a kai.

"Mi?"

"Yanzu zan tashe shi." Ya buɗe na'ura, ya juya ta wajen sajan. Ga sunaye. Sajan ya sunkuya ya duba, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

"Bon. Kira su."

Da Mutari ya kira su a nan, da yau ba mu da labari. Amma wannan gyaɗa kai guda ya shige masa jini. Ya dubi jama'a, ya dubi sojoji, ya ga bai taɓa samun taro irin wannan ba, kuma wa ya san ko zai ƙara samu.

"Mon sarjan, kafin nan bari ka ga abin da ko a barikinku babu."

Ya rufe murfi. Ya kifa na'urar. Ya sa farce a wani ɗan maɓalli.

"Mutari!" Kadi ta ƙwala kira daga cikin taro, tana ture mutane. "Gyangyaɗi take! Kada ka cire!"

Ƙwas! Ya zaro batir, ya ɗaga sama kamar wanda ya kamo kifi, ya zagaya da shi ta gaban mata, ya sa wa sajan a hannu. "Riƙe ranta, mon sarjan. Ƙirga goma."

Sajan bai ƙirga ba. Ya miƙa masa abinsa. Mutari ya mayar, ya buɗe, ya danna, ya juya wa na'urar baya don ya nuna ba ya ma buƙatar dubawa.

Ta yi ɗan kiɗanta mai daɗi irin na sabuwar safiya. Ga shuɗin sama, ga koren tudu. Ba suna ko ɗaya.

"Karanta," in ji sajan.

Mutari ya juyo. Ya rufe, ya buɗe. Ya rufe, ya ƙirga ashirin, ya buɗe. Ya hura mata iska. Ya ɗaga ta ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗaga ƙyallen tebur ma ya leƙa.

"Tana… tana miƙa ne. Wanda ya tashi barci ai sai ya yi miƙa."

"Layin ya mutu," in ji Kadi. "Kai ka zare masa rai, kowa na kallo."

Sajan ya dubi agogonsa. "Akwai unguwa biyu da ke jiran wannan mota. Minti talatin. In ba layi, mu wuce."

Wurin ya kaure. Mata arba'in suka ce su ne na farko. Waɗanda ko ran Litinin ba su zo ba suka fi kowa rantsuwa. Mai unguwa Sumana na ɗaga hannu yana buɗe baki, murya ba ta fita. Direban kamyo ya hau ya tada mota don a san ba wasa.

Zinariya ta dubi inda gurbinta yake ran Litinin. Ba dutse, ba kwano, ba takarda. Ta hango gyatumarta a bakin katanga da ƙaramin jikanta a goye, sun zo taryar buhu. Ta juya don kada su haɗa ido, sai ta yi karo da bayan wata tsohuwa, da zane mai faci a kafaɗar hagu. Wannan facin yini guda ta yi tana kallonsa.

Ta cafke zanen. "Inna Aisa! Ke ce gabana! Ke kika ce kurɓa ɗaya za ki yi, kika shanye mini ruwan gora tas!"

"Irkoy! Allah na gani, kurɓa biyu na yi, gorar ce ƙarama," in ji tsohuwar. Sai ta ware ido. "To ni kuma gabana matar mai nama ce, wadda ta ce jikana kunnuwansa kamar na jemage. Ina take? Ke! Zo nan, ban manta ba!"

"Ni ma ban janye ba," in ji matar mai nama, tana kutsowa. "Gabana mai ƙosai ce, ta taka ni sau uku ba ta ce sannu ba."

Kadi ta riƙo zanen Zinariya ta baya, ta buɗe muryar biro. "Kowa ta nemi wadda ta ɓata mata rai ran Litinin ta kama zanenta! Maza!"

Ashe ba wadda ta yini a wannan rana ba tare da ta ƙullaci ta gabanta ba. Wannan ta tare mata inuwa, waccan goyonta ya yi mata fitsari a ƙafa, wata ta ci gyaɗa ba ta yi tayi ba. Layi ya riƙa haɗuwa gunduwa-gunduwa, biyar nan, takwas can, sai a ji "ga wutsiyarku nan!" a ɗaura. Wata ta so ta saƙala kanta a ta bakwai, ta gabanta da ta bayanta suka haɗa baki suka ce su tun Litinin ba sa ga-maciji, ba wadda ta shiga tsakaninsu.

Adama matar Mutari ta zo gaba da sabuwar igiya. "Ni ce ta uku."

"Wa ke gabanki?"

"Ni dai Mutari ya ce ya rubuta ni ta uku."

"A'a! Ashe har da haka a cikin na'urar?" in ji Kadi.

Aka yi mata rakiya da sowa har bayan masallaci. Ta bi ta gaban mijinta, ta dube shi, shi kuma ya shiga gyaran ƙyallen tebur.

Sajan ya bi layi yana ƙirgawa da ƴar sandarsa. Da ya zo kan Zinariya ya ce, "Katorz." Ita ba ta yi nisa a karatun lakwal ba, amma wannan ta gane shi: goma sha huɗu. Aka jefo buhu a gabanta, ta dafa shi da hannu biyu, ta ji ƙwayar gero na motsi a ƙarƙashin tafinta, sai ta tarar tana dariya hawaye na zuba.

"Kai, mai na'ura," in ji sajan. "Tunda kana son taimakon jama'a, duk wadda ba ta da mai ɗauka, kai ne."

Buhu goma sha ɗaya farar shadda ta ɗauka a ranar. Na Zinariya ne na ƙarshe, don ta ce ita ba ta gaggawa, ta zauna a kansa tana kallo. Da aka ɗora masa, ta bi shi taku da taku, hannunta ɗaya a kan buhun. Adama na gefe da igiyarta ba komi, Zinariya ta ce mata ta biyo da ƙwarya a auna mata, amma ita kaɗai za ta shigo, ban da mijinta.

Sun kusa kwana sai murya ta fito daga ƙarƙashin buhu, tana nishi.

"Yaya… na gano wata hanya… da za a yi geron nan ya kai wata uku."

"Gano hanyar gidana tukuna," in ji Zinariya. "Hagu."